Hantata Mai Kunnuwa

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bakina da ɗaci.

Shekara ashirin da bakwai ina fawa. Hanta ko daga nesa na hango ta, na san ta ci ce ko ta zubarwa. Sai ga shi wata biyu da suka wuce tawa aka yanka, aka cire gefen da ciwon daji ya kama. Likita ta ce za su auna abin da suka cire. Wai ƙwayoyin cutar suna da wasu 'yan abubuwa kamar kunnuwa, da su suke jin kiran a girma. In sun yi yawa, ciwon kan dawo da wuri. Sakamako ya fito tun Talata. Ƙanena Sabi'u aka kira ofis, ni aka bar ni kan benci, kuma har yau babu wanda ya ce da ni uffan.

To, a mafarkin na gan ni a kasuwarmu da rana tsaka, babu ɗan Adam ko ɗaya, shanu ne ke riƙe da tebura. Wata jar saniya sanye da tabarau ta ajiye hantata a faranti, duk ta tsiro kunnuwa ƙanana, suna motsi. Ƙirga su take da tsinken tsire. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na tambaye ta guda nawa ne, ta ce ba a faɗa wa mai nama, sai dai danginsa.

Na ce, “Ni ne dangina.”

Ta ce, “Je ka zo da shi.”

Sai ga ni a tsakar gidana. Ruwan randa yana hawa sama ɗigo-ɗigo, kasko na suya babu wuta. Matata Kulu da Sabi'u suna zaune kan tabarma, amma duk ta inda na zagaya ƙeyarsu nake gani. Na yi faɗa, wallahi na yi faɗa, na ce ni ba yaro ba ne, in kwana ne ya rage a faɗa mini in san abin da zan yi da shi. Suka haɗa baki suka ce ai na yi kyau, har na yi ƙiba.

Daga nan sai wani fili, ni kaɗai, hantar a hannuna. Can nesa wani yana shela, a girma, a girma. Na ciro auduga ina toshe kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, in na toshe nan can ya buɗe. Da na gaji na zauna, na kai bakina kusa da hantar na ba ta labarin duk abin da nake tsoro. Ta saurara har ƙarshe. Kaɗaici ya kama ni, don wata biyu ke nan ita ce ta fara saurarona.

Ƙarar dutsen wasa ce ta tashe ni. Na san muryar wuƙar, babbar wuƙata ce da ban taɓa bari wani ya taɓa ba. Ta taga na hango Sabi'u yana wasa ta, Kulu na zuba masa ruwa. Babu wanda ya shigo ya tambaye ni.