Agogon Dafa Ƙwai na Herr Brodersen

Wiebke Lorenzen tana kan matakala da ledar kifi a hannu, agogon dafa ƙwan maƙwabcinta ya kaɗa, sai ta ji wani abu mai nauyi ya faɗi. Ta yar da ledar, ta laluɓo makullin da ya ba ta ajiya, ta buɗe ƙofar.

Detlef Brodersen yana yashe a gefen kujera, leɓensa ya yi shuɗi. A fuskar kwamfuta kuwa ƙananan manoma suna ta saran itace abinsu.

"Frau Lorenzen," ya ce da ƙyar, "kashe wasan tukuna. Awa biyu ta kusa."

"Rufe min baki, motar asibiti nake kira."

Amma sai da ta kashe.

Shekara ashirin suna ƙofa da ƙofa a birnin Kiel na Jamus, ta san halinsa. Tun da ya bar tuƙin injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, duk Disamba idan an karya farashi don Kirsimeti sai ya sayi wasannin yaƙi na kwamfuta biyar ko shida a wani shagon intanet, irin waɗanda mutum ke gina gari ya tara runduna, abokin gaba ma yana nasa ba mai jiran wani. Shagon yana karɓar wasa ya mayar da kuɗi idan ba a cika awa biyu ana buga shi ba. Shi ya sa yake murɗa agogon dafa ƙwai na matarsa marigayiya, ya gwada kowanne, ya mayar da sauran ya riƙe ɗaya. Hukuncinsa yana cikin wani ɗan littafi: wannan kyan hoto ne ba ƙwaƙwalwa, wancan sojojinsa kamar tumaki.

Likita ta ce zuciya ce, kuma kwanaki ake magana. Washegari da rana ya riƙo hannun rigar Wiebke ya gaya mata saura uku bai gwada ba, kuma wanda za a zaɓa ba nasa ba ne. Na wata ce da ake kira Hankaka a cikin 'yan wasan.

'Yarsa ce, Frauke. Shekara goma sha ɗaya rabonta da shi, tun ranar da aka binne uwarta ya faɗa mata maganar da ba ta goguwa. Shi ya koya mata wasan tana 'yar shekara tara. Wata rana a intanet ya gamu da wani ɗan wasa mai ɓoye manoma uku a lungun taswira kafin ya aza tubali ko ɗaya, dabarar da bai taɓa koya wa kowa ba sai ita. Shekara shida ke nan suna gwabzawa, bai gaya mata ko shi wane ne ba. Bai taɓa kunna makirufo ba, sai dai rubutu, kuma duk Kirsimeti yana aika mata wasa ɗaya.

"Samo min wanda mutum biyu ke ɓangare ɗaya," ya ce. "Na gaji da ƙona mata gari."

Wiebke direbar bas ce, ba ta taɓa riƙe runduna ba. Ta zauna a kujerarsa, ta murɗa agogon. Na farko jiragen sararin samaniya ne, ido ya ƙoshi, amma kowa ta kansa yake yi. Na biyu ko minti goma ba ta yi ba aka mayar da garinta toka, ta zagi kwamfutar zagin da fasinja bai taɓa samu ba. Na uku tsoho ne, hotonsa ba fasali, shi ya fi araha. Mutum biyu ke tsare ganuwa ɗaya cikin hunturu, ɗaya na noma ɗaya na kan ƙofa. Idan ɗaya ya faɗi, duk sun faɗi.

Da ta kai masa labari ya tambaya ko manoman suna da hankali. Ta ce sun fi shi. Ya yi dariya har na'urar gefen gado ta yi ƙara.

"Me zan rubuta a jikin kyautar?"

"Barka da Kirsimeti."

"Shi ke nan? Ƙaton mutum kamarka, ka ɗaga jirgi da ƙugiya, ka kasa ɗaga kalma biyu?"

Ya juya fuska wajen taga. "Idan ta san ni ne za ta goge ni daga abokan wasanta, Wiebke. Ƙyale min abin da nake da shi."

Bai taɓa kiran sunanta haka ba. Ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa ba.

Da ta koma gidansa ta rubuta gaisuwar, ta zauna tana kallonta. Ta ƙara: Babanki ne. Yana asibiti, ba shi da lokaci. Ta sa adireshi, ta aika kafin ta sake tunani.

Ba amsa. Ta kwana biyu tana leƙawa, alamar Hankaka a kashe. Ranar jajibirin Kirsimeti da safe Detlef ya cika, bai san ta karya alkawarin ba. Ita ta rufe masa ido, ta dawo da tabaransa a aljihun riga.

Ranar ashirin da shida ga wata, ranar da shi da Hankaka suka saba buɗe sabon wasa, tana kwashe abin da ya rage a firjinsa ta ji takun sawu ya tsaya a bakin ƙofa. Wata mata ce doguwa, rigar sanyinta ta jiƙe, girarta sak ta Detlef. Ba ta yi gaisuwa ba.

"Wa ya rubuto min saƙon nan? Shi ba ya sa aya a ƙarshen magana."

Wiebke ta rufe firjin. Matar ta dubi gadon da aka gyara, ta dubi tabaran a kan tebur. Ta wuce ta gefenta ta ɗauki agogon uwarta, ta murɗa shi har ƙarshe, ta ajiye tsakaninsu.

"Zauna," ta ce. "Ina jin ki."

Agogon ya fara tafiya.