Kalar Gyaɗa a Gonar Ilu

Ni Falalu mutumin Zoza, wanda agana ta kama ta saki, maciji ya sara har sau biyu, motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Karaye na fito ina kakkaɓe riga, ban taɓa zaton 'yar shekara goma za ta sa ni gantali a garin Rogo ba. Amma haka aka yi.

Autata Saudatu ce ta kawo 'ya'yanta daga Kano, Bahijja da ƙanenta Awaisu, su ƙarasa dogon hutu a wurina. Na yi murna, don tun rasuwar kakarsu ɗakina ya yi mini faɗi. Kwana biyu kacal, Bahijja ta ari wayar matar ɗana ta kira uwarta tana kuka, wai nan babu lilo, babu wurin wasa, babu komai. Aka miƙo mini wayar.

"Baba, ran Juma'a zan zo in ɗebe su," in ji Saudatu. "Ba su saba ba."

"Sati uku kika ce da bakinki."

"To ya zan yi? Can ko gidan namun daji sai a kai su."

"Ki zo Juma'ar," na ce. "In sun ce za su bi ki, ki tafi da abinki. Amma ki sani, ni na yi yarinta a ƙasar nan ba ko takalmi, kuma ban taɓa rasa abin yi ba. Aljihuna ba zai ji komai ba, su ma ba za su ji kewa ba."

Na ajiye wayar, sannan na fara tambayar kaina: to ina ne yaran yanzu suke zuwa?

Ran Litinin na sa su gaba muka nufi dandalin da na sani. Na tarar an jera shaguna, har da mai cajin waya. Kududdufin da muke kama kifi an cike shi an yi gini. Na tambayi 'yan acaɓa a tasha, suka nuna mini gidan kallon ƙwallo. Na leƙa, ƙarti ne maƙil ana ta ihu, kuma sai ka biya. Muka juya. Ran Talata na kai su maƙera. Awaisu ya tsuguna har azahar yana kallon yadda ake zuga wuta, yana tambayar me ya sa ƙarfe ke yin ja. Ita kuwa Bahijja hanci ta toshe da gyale.

"Amarya, ba ki ga abin mamaki ba?" na ce.

"Kaka, na ga tsoho yana yawo da mu a rana. Saura kwana uku."

Ran Laraba da safe na ga ɗan acaɓa ya wuce da harawa himili guda a bayansa, sai abin ya faɗo mini. Kala! An fara cire gyaɗar wuri. A al'adarmu, in mai gona ya cire gyaɗarsa ya tsinke, ya kwashe harawa, to abin da ya rage a cikin ƙasa na wanda ya tono ne. Shekarar babban fari, da kala na riƙe uwata da ƙannena uku. Har yau in na taka kunya da dunduniya, ina iya gaya maka ko akwai gyaɗa a ƙasa.

Na ɗauki fartanya biyu da kwano, muka fita bayan gari, gonar wani Ilu. Fes take, babu harawa ko ɗaya. Na taka, na sara, sai ga 'ya'ya huɗu. Awaisu ya daka tsalle. Bahijja ta ɗauki ɗaya tana juyawa.

"Wai dama a cikin ƙasa take? Na ɗauka a bishiya take fitowa."

Na yi dariya har na yi tari. Na gaya mata furen a sama yake, shi ne yake sako wani siririn tsinke ya nutse ƙasa ya yi ɗa. Karon farko ke nan da ta dube ni kamar mai abin faɗi. Ta karɓi fartanya, sai kuma ta tsaya.

"Kaka, gonarka ce?"

"Ta Ilu ce."

"Ka tambaye shi?"

"Ba a tambaya a kala, yarinya. Shekara saba'in ina yi."

"To ni malamar Islamiyyarmu ta ce abin da ba naka ba sai ka tambaya."

Kafin in buɗe baki ta nufi gindin ɗorawa, inda wata tsohuwa ke zaune tana kallonmu tun ɗazu. Na bi ta ina faɗa. Da na matso na gane ta: Ummu Hani ce, uwar Ilu, wadda muka yi tashen yarinta tare a Zoza. Muka gaisa, gajiya, iyali, damina, ta amsa duka a natse. Sannan ta ce:

"Falalu, ina jira in ga kwano nawa za ka cika kafin in kira maka Ilu."

"Haba Hajiya, ai an kwashe harawa."

"An kwashe don masu saye sun zo da babur tun jiya. Yanzu wa yake barin harawa ta kwana a gona? Ba a saki gonar nan ba. Kalar farko tawa ce, ɗana ya bar mini duk shekara. Maciji bai kashe ka ba, mota ba ta kashe ka ba, sai ka zo kunya ta kashe ka a gaban jikoki?"

Na gyara hula. Ni dai ba na jayayya da mata a gona.

Ta jawo Bahijja jikinta. "Ke da kika tambaya, ke na ba wa. Kunya biyar daga nan, ke da ƙanenki. Kakanku ya riƙe kwano."

Ta nuna musu su bi inda ƙasa ta yi tauri, don nan gyaɗa ke tsinkewa in an fizgo. Wannan ni ma na sani, mantawa na yi in faɗa. Kafin la'asar kwano ya cika. Muka tara busasshen ganye muka gasa a nan, bakin Bahijja ya yi baƙi ƙirin. Alhamis ma can muka wuni.

Ran Juma'a Saudatu ta iso da hantsi, ta same mu a ƙofar gida za mu fita, kowa da fartanyarsa.

"Ku ɗauko jakunkunanku," ta ce.

"Mama, ba yau ba," in ji Bahijja. "Gobe Inna Ummu Hani za ta saki gonar duka, yaran unguwa za su zo. Jibi kuma akwai wata a hanyar Zoza. Kin san furen gyaɗa ne yake shiga ƙasa?"

Saudatu ta dubi ƙafafun 'yarta, sun yi futu-futu. Ta ɗebi gasasshiyar gyaɗar jiya a kwano ta ɓare, ta daɗe tana taunawa.

"Haka Innarmu, Allah ya ji ƙanta, take gasa mana," ta ce a hankali.

Ita kaɗai ta hau motar Kano da yamma. Na cika alkawarina, kamar yadda na saba. Sai dai yanzu duk gonar da muka je, Bahijja ce ke shiga gaba ta yi sallama ta tambaya, ni kuma in tsaya a bakin hanya da kwano, ina gyara hula.