Kifin da Ba na Matan Fada Ba

Ni Mansura ba ni da haƙuri, duk Argungu an sani, amma abin da Zulkifli ya yi mana ko mai sanyin rai sai ya tashi.

Babana Hammadu masunci ne, shekara arba'in yana cikin ruwa. Shi ke kamo kifi, ni ke banda shi, in ɗaure a kwali in aika Abuja da Kaduna. Da na ga cinikin ya tsaya iya waɗanda suka san lambata, sai na tafi Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, wajen Zulkifli, mai gina shafukan intanet, ya buɗe mana namu. Ya ce shafi aikin banza ne in Gugul bai nuna shi a sama ba. In sa hotuna marasa nauyi, in amsa tambayoyin masu saye, in riƙa amfani da kalmomin da mutane ke bugawa in suna nema. Duk na yi, har yadda ake wanke busasshiyar tarwaɗa da ruwan zafi sai da na rubuta.

A wata na biyar wayata ta daina hutawa. Ina ta fankama, wai ƙoƙarina ne. Ashe bawan Allahn nan ya duba ya ga "kifin Matan Fada" mutane suka fi nema, sai ya liƙa a saman shafin, daidai ƙarƙashin hoton Baba: Kifin Matan Fada, sabon kamu kowane mako.

Matan Fada kuwa ruwa ne da ba a taɓa shi sai ranar bikin kamun kifi. Wanda ya jefa komar kamun kifi a ciki kafin ranar, ɓarawo ne a idon kowane masunci. Sirajo, wani ɗan garinmu da ke sana'a a Abuja, shi ya gani ya turo gida. Baba Hodi, dattijon masuntan unguwarmu, ya aiko aka ɗauke komar Baba, ya ce a haɗu bakin gulbi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Baba bai ce mini uffan ba. Ya zauna a zaure ya daina cin abinci, wannan ya fi mari ciwo.

Na hau mota sai Birnin Kebbi. Zulkifli har da dariyarsa, wai ai talla ce kawai, kowa haka yake yi. Ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mu ne na ɗaya. In aka goge shafin, in ji shi, aikin wata biyar ya tafi, za mu koma can ƙasa inda ba mai leƙawa.

Na ɗaure gyale a ƙugu na ja kujera.

"Malam Zulkifli, ubana ka sa a sama ka rubuta masa ɓarawo. Goge shi gaba ɗaya, ka kuma nemi a cire shi daga Gugul. Ba inda za ni sai na gani."

Ya goge yana tsaki. Ya ce sai an ɗau kwanaki kafin ya ɓace daga wurin nema. Kullum ina dubawa, kullum hoton Baba na nan, sai ranar Alhamis ya tafi.

Ranar Juma'a na kutsa cikin taron maza, ana ta kallona, ko a jikina. Na ce ƙaryar a shafina aka rubuta ta, laifina ne da ban duba ba, Baba ko karatun boko bai yi ba. Abokan jirginsa suka faɗi inda suke kamu. Sannan na miƙa wa Sirajo wayata, shi da ya zo gida takanas don ya ga ƙarshen zancen, na ce ya nema da hannunsa. Ya buga, ya ja, ya ja, har shafi na huɗu.

"Babu su," ya ce.

Baba Hodi ya dube ni. "Ɗiyata, kin san kasuwarki kika kashe?"

"Na sani, Baba. Ni na kashe ta, kuma gobe ma sai in ƙara."

Baba Hodi ya tashi da kansa ya ɗauko komar, ya miƙa wa babana da hannu biyu.

Tun daga ranar wayata ta yi tsit, kuma ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Amma a hanyar gida, Baba na gaba da koma a kafaɗa, ya yi mini maganar farko cikin kwana shida, ko waiwayowa bai yi ba.

"Mansura, gobe ki hura wutar banda da wuri."