Ƙarin Girman da Injiniya Ta Mayar

Da Manaja ya leƙo ya yafito Injiniya da hannu, ita ta ɗauka wani abu ne ya sake ɓaci a manhajar da suka yi wa asibitoci, don ba a kiranta ɗakin nan mai bangon gilashi sai in abu ya kwaɓe. Ta bar layin da take rubutawa a rabi, ta bi shi.

"Zauna mana," in ji shi. "Shugaban sashenku zai bar mu. Na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda zan ɗora ba sai ke."

Ta yi godiya cikin natsuwa, kamar kullum ake yi mata irin wannan albishir. Amma a zuci, wane mutum. Shekara da shekaru tana gyara ɓarnar wasu ana tafa wa wasu, yau ga shi an gan ta. Inda ta yi wauta, in wauta ce, shi ne tun a kan matakala ta buga waya gida.

'Yarta ce ta ɗauka, tilon 'yar da suke kira Lauya, don tun tana koyon magana ba a taɓa kayar da ita a musu ba. Yarinyar ta saki ihu har sai da Injiniya ta janye wayar daga kunne. "Umma, ai dama na faɗa. Wa suke da shi in ba ke ba?"

Bayan azahar matar ofishin ma'aikata ta aiko kiranta. Mace ce mai kirki, amma irin kirkin mai allura, tana lallashi tana soka. Sai da ta rufe ƙofa ta zuba mata ruwa, sannan ta fara.

"Kin san kamfani ne ya tsaya miki aka ba ki bizar aiki. To, ba da kamfani kaɗai aka ɗaure ki ba, har da sunan aikin. A matsayin mai rubuta manhaja aka shigo da ke. Shugabar sashe kuwa, a idon hukuma, wani aiki ne daban. Sai mun tallata kujerar, mun nuna ba ɗan ƙasar da zai iya, sannan mu nemo miki sabuwar biza."

"To a nemo mana."

"A nemo. Sai dai shekarun da kika tara don samun izinin zama na dindindin, sabuwar biza ba ta san da su ba. Daga fari za a sake ƙirga miki."

Injiniya ta ajiye kofin a hankali. Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba, don wannan dokar ta fi sanin ta a kan lambar wayarta. Mijinta da 'yarta duk a jikin bizarta suke rataye. Kuma hukuma tana ɗaukar ɗa a matsayin ɗa ne kawai kafin ya cika shekara sha takwas, ranar da ya cika kuwa ya zama baƙo, sai ya nemi hanyarsa. A yadda take yanzu, izinin dindindin zai fito kafin Lauya ta kai, da kyar da jiɓin goshi. In aka sake lale, Lauya za ta riga takardar, a ce ta tattara ta koma ƙasar da ta baro tun tana famfarar haƙori.

"Ba wata dabara? Ko in yi aikin, a bar sunan yadda yake?"

"Masu bincike ba suna kaɗai suke dubawa ba, har abokan aikinki sukan tambaya wa ke ba su umarni. In suka gano, ke da mu duka mun shiga uku." Matar ta sunkuyar da kai. "Manaja bai san duk wannan ba. Ɗan ƙasa ne, bai taɓa riƙe biza ba."

Da ta koma gida ta iske mijinta a ɗakin wanki da ke ƙasan benensu, yana kwashe kaya daga inji. Malam ake ce masa har yanzu, duk da rabonsa da alli tun kafin su taso, don bizarsa ta rakiya ce, ba ta yarda ya yi aiki ba. Shi ne cefane, shi ne girki, kuma bai taɓa yi mata gori ba. Ya miƙo mata bakin zanen gado, suka kama ninkewa tana ba shi labari.

"Sai mu gaya mata gaskiya," in ji Malam.

"Ka san 'yarka. Yau ka gaya mata, gobe ta ɗaure jaka ta ce ita ba za ta zame wa kowa ƙarfen ƙafa ba. Ga jarrabawar fita a gabanta."

"To ke fa? Irin wannan kujerar ba kullum take zuwa ba."

"Kai da ka ajiye aji guda saboda ni, kai ne za ka tambaye ni?"

Malam ya haɗa bakin zanen da nata.

Washegari ta shiga wurin Manaja ta mayar masa da kyautarsa. Ya yi juyin duniya, har ya ce zai kira lauyan kamfani, ta ce lauya ba zai rage wa yarinya shekaru ba. Kafin sati ya zagayo aka ba da kujerar ga Dogo, matashin da ita ta koya masa bin sawun kuskure a cikin manhaja. Ya zo bakin teburinta yana sosa ƙeya.

"Anti, wallahi ban nema ba."

"Na sani. Allah ya taya ka riƙo. Ka dai daina tura gyara ba ka gwada ba, yanzu ba mai duba bayanka."

Ran nan da yamma suna zaune a teburin cin abinci, Lauya ta ƙi taɓa cokali. Ta harɗe hannuwa, alamar an buɗe kotu.

"Umma, wai da gaske ke kika ce ba kya so?"

"Ni na ce."

"Saboda me?"

"Shugabanci surutu ne da taro. Ni na fi son rubutuna."

"Wannan ba hujja ba ce. Ke ce kullum mai cewa mace in ba ta miƙa hannu ba, ba mai ba ta. Yau an sa miki a hannu kin saki. Kuma aka ba wa? Yaron da ko gaishe ki zai yi sai ya rusuna. Tsoro ne kawai, Umma. Ki faɗa."

"Wataƙila tsoron ne."

"Duk ƙawayena na gaya musu. Ni da nake cewa in na girma ke nake so in zama."

Malam ya ajiye cokali ya buɗe baki. Injiniya ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Maganar ta yi mata zafi, zafin da ko mayar da kujerar bai yi mata ba. Kalma ɗaya ce za ta wanke ta, tana nan a kan harshenta. Ta dubi yarinyar, ido ya kaɗa, hanci ya buɗe, ga littattafan jarrabawa jibge a gefen farantinta. Ta haɗiye kalmar.

Lauya ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ni dai Allah ya raba ni da rayuwar da za a ba ni abu in kasa karɓa."

"Amin," in ji Injiniya. Ta ja farantin 'yarta ta ƙara mata shinkafa.