Cigiyar Auta

Shekara talatin da ɗaya Almakashi ya yi a teburin ƙananan sanarwa na jaridar, tun ana jera haruffan dalma da hannu. A can ya samo sunan. Mutum zai kawo ta'aziyya mai layi goma yana share hawaye, shi kuwa ya bi ta da jan biro ya bar uku. Da wannan yake tinƙaho, kamar wani abin kirki ne.

A da shafi huɗu yake cikawa. Yanzu kowa a waya yake cigiyar akuyarsa, shafin ya koma rabi, edita kuma ya ce bayan fitowar Laraba za a rufe shi.

Abin ya tsaya masa a rai, ba don aikin ba, don ƙanensa Auta. Shekara tara ke nan da ya kira shi ɓarawo a gaban dangi, kan keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarsu. Auta ya haɗa kayansa ya bar garin, bai bar ko lambar waya ba. Bayan wata biyu mai gyara ya aiko a zo a ɗauki keke. Ashe Almakashi da kansa ya kai shi, ya manta. Abu ɗaya ya sani: Auta ba ya ganin jarida bai fara da shafin sanarwa ba.

Ya zauna ya rubuta: "Auta, ni na kai keken gyara na manta. Na zalunce ka. Ka yafe mini, ka dawo gida." Ya karanta, idonsa ya ciko. Sai hannu ya lalubo jan biro. Zancen keke, ai bayani ne, ya soke. "Na zalunce ka" da "ka yafe mini" duk abu ɗaya ne, ya soke ɗaya, ya dubi ɗayan ya ga shi kaɗai bai yi kyau ba. Wai shi ƙwarewa ce yake nunawa. Kunya ce kawai.

Mai buga rubutu ta karɓi takardar ta duba bayanta ko akwai saura.

"Baba, shi ke nan? 'Auta, ka dawo gida', sai lambar ofis?"

"Ya isar da saƙo."

Ranar Laraba sanarwar ta fito, tsakanin janareto na sayarwa da wani da ya canja suna. Alhamis da hantsi wayar tebur ta yi ƙara.

"Yaya, na ga cigiyata."

Almakashi ya ƙara manna wayar a kunne. "Auta? Ya aka yi ka gane ni ne?"

"Wa zai nemi ɗan'uwansa da kalma huɗu in ba kai ba? Ina sauran?"

"Wane saura?"

"Wanda ka yanke. Na san hannunka."

Mai buga rubutu ta daina taɓa madannai. Almakashi ya juya fuska ga bango, ya faɗi duka, har da keken.

"Ban ji ba, Yaya, layin ba kyau. Sake faɗa."

Layin tangaram yake, har numfashin Auta yana ji. Ya sake faɗa, da ƙarfi.