Ranar da Taraktar Wilf Ta Mutu a Teku

Shekara goma sha ɗaya mijina Wilf Haxby yana tuƙa taraktar da ke tura jirgin ceto cikin teku a ƙauyenmu Cragness. Ba mu da tashar jirage, yashi ne shimfiɗe, in ruwa ya janye sai ka yi tafiyar rabin mil kafin ka jiƙa ƙafa. Jirgin a kan amalanken ƙarfe yake zaune, taraktar kuwa mai sarƙa ce maimakon taya, ita ke tura shi har ruwa ya kai wa direba ƙirji. Don shiga ruwa aka ƙera ta, muddin robar da ke toshe murfin injinta lafiya ƙalau take.

Tun bazarar 1961 Wilf yake cewa robar ta tsage. Sau uku yana hawa tudu wurin Mista Pickersgill, mai otal, sakataren kwamitin jirgin.

"Shafa mata giris, Haxby," in ji shi. "Mai duba injuna zai zo bayan Kirsimeti." Ba ya son ya rubuta wa hedikwatar jiragen ceto, kada a ce reshensa na da matsala.

Wata safiya cikin Nuwamba, ina shanya, na ji ƙarar roka biyu, alamar kiran jirgin ceto. Injin kwale-kwalen Alf Crimlisk ne ya tsaya, yana ciki shi da ƙanensa Len, iska na jan su zuwa duwatsu. Na yar da kwandon na ruga.

Na iske Wilf ya riga ya tura jirgin cikin ruwa, mutum bakwai a ciki. Saura kaɗan ya sake shi, wata igiyar ruwa ta rufe taraktar ruf. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Jirgi bai taso ba, ga shi maƙale a kan amalanke.

Ned Storr, shugaban ma'aikatan jirgin, ya daka tsawa: "Igiya! Ku kawo igiya!"

Muka shiga, mata da tsofaffi, don mu ja amalanken da igiya, yadda iyayenmu suka yi kafin zuwan tarakta. Ruwan kamar ana yanka ka da wuƙa. Wilf ya nutse har sau huɗu kafin ya zare ƙusar da ta haɗa tarakta da amalanke, hannunsa duk jini. Minti arba'in muka ɓata kafin jirgin ya taso. Ma'aikatan jirgin sun dawo da Len da rai. Alf kuwa sai bayan kwana biyu teku ta maido shi.

Ko binne shi ba a yi ba, magana ta zaga gari: wai Wilf ne ya manta bai ɗaure murfin ba. Daga otal ta fito. A shagon burodi mata suka yi shiru da na shiga.

"Ka je ka faɗa musu mana!" na ce wa Wilf a gida. "Bakinka ɗinke yake?"

"Me zan ce, Edna? Ni ke kan kujerar. Mutum ya mutu."

"To sai ka ɗauki laifin wani ka aza a ka, don kai ne jakin gari?"

Ya koma rumfar jirgi, inda ya kwana uku yana wanke gishiri daga injin da muka jawo bayan ruwa ya janye.

Ranar Asabar da rana kwamiti ya zauna a zauren coci. Ba a gayyatar mata. Na je rumfa na ciro robar da hannuna, na tura ƙofar zauren ba sallama. Pickersgill na tsaye yana cewa, cikin alhini, ya kamata a nemi wani direba.

Na jefa masa robar a kan tebur, ta kifar da kofin shayinsa.

"Misis Haxby, wannan zaman maza..."

"Maza? Ina kake ranar da muke cikin ruwa har wuya? Ta taga ka kalle mu da tabarau, gashin bakinka ko jiƙewa bai yi ba! Ɗaga ta ka nuna musu. Ɗaga ta, na ce! Sau nawa mijina ya zo maka?"

"Ban tuna ba."

"Sau uku," in ji Ned Storr daga bayan zaure. "Na biyun da ni aka je." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "In kun cire Wilf, Mista Pickersgill sai ya hau taraktar da kansa, ya kuma nemi masu shiga jirgin."

Na juya kansa shi ma. "Yau kwana biyar kana jin ana cin naman mijina, Ned, sai yanzu harshenka ya warke?" Ya sunkuyar da kai.

Ba a cire Wilf ba. Ba a kuma cire Pickersgill ba, ya ƙara shekara tara yana yanka ƙyallen buɗe bikin bazara. A rahoton da aka tura hedikwata aka rubuta cewa ruwa ne ya yi ƙarfi. Wilf ya ci gaba da tuƙi har gwiwoyinsa suka gaza, amma bai sake shiga mashaya ya zauna da mutane ba.

Maud, matar Alf, ba ta cikin zauren, kuma maganar farko, cewa Wilf ne ya manta, ita ta zauna mata. Na je ƙofarta da tukunyar miya, ta leƙo ta labule ta ƙi buɗewa. Da sabuwar shekara ta kwashe 'ya'yanta ta koma Hull wurin yayarta. Na rubuta mata wasiƙa biyu, duka suka dawo mini a rufe.