Kaset Uku a Shagon Dzarma

Saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren ɗan ƙaninsa, Alhaji Saleh ya daina jin daɗin abinci. Ba hidimar biki ce ta dame shi ba. Ɗansa Gana ne, mai shekara goma sha tara, wanda tun da ya koyi tuƙi ba a yin aure a unguwar Jiddari Polo ba a gan shi cikin samarin da ke wasa da mota bayan an shafa fatiha ba. Sukan fita fili, su sheƙo a guje, su murɗa sitiyari motar ta juya kamar za ta kife, 'yan mata na guɗa. A bikin da ya wuce, wani saurayi ya rasa ƙafarsa a wannan fili.

Saleh ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya ɓoye makullin motarsa, sai Gana ya koma aron ta abokai. A ƙarshe ya sa shi ya yi alkawari a gaban uwarsa Kaltumi cewa wannan karon ba zai taɓa sitiyari ba. Gana ya yi alkawarin yana kallon ƙasa. To, Saleh dillalin shanu ne, a rugar ubansa ya tashi kafin fari ya koro su cikin gari. Ya san dabbar da ta sunkuyar da kai don ta saduda, ya kuma san wadda ta sunkuyar tana auna igiya.

A kasuwar shanu wani abokin ciniki ya ba shi labarin wata na'ura da ake haɗawa da talabijin, gem ake ce mata. Ya ce tun da ya saya wa 'ya'yansa, sai an kore su suke fita ƙofar gida. Ranar nan da hantsi Saleh ya ɗauki sandarsa ya nufi Kasuwar Kwastam, shagon Dzarma mai gyaran rediyo, wanda ya soma kawo irin waɗannan kaya daga Legas.

Dzarma ya ba shi benci, ya ce na'urar da kaset ɗaya take zuwa, ga guda uku ya zaɓa. Saleh ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya leƙa ƙasansa, ya ƙwanƙwasa da farce. Dzarma ya tambaye shi ko haƙoran yake nema ya ga shekarunsa. Saleh ya ce shi bai taɓa sayen abin da bai ga tafiyarsa ba, a kunna masa.

Na farko wasu tubala ne ke faɗowa daga sama, mai wasa yana juya su yana jerawa, in layi ya cika sai ya ɓace. Dzarma ya ce wannan ba ya ƙarewa, sai dai mutum ya gaji, matarsa ma ta ƙona miya sau biyu a kansa. Saleh ya zuba ido har tubalan suka taru suka toshe sama. Ya ce wannan ai aikin lebura ne, ka yi gini ya ɓace, ba lada ba la'ada. Gana ko bokitin ruwa ba ya ɗauka, ina zai zauna yana jera bulo?

Na biyu taswira ce, da ƙananan mutane da garuruwa. Ana noma, ana tara hatsi, ana gina ganuwa, ana jiran abokan gaba. Dzarma ya ce wannan shi ne na masu hankali, wani malamin sakandare ya yi wata guda a kansa bai kai ƙarshe ba. Wannan ya ɗan burge Saleh, don ya ga akwai tanadi a ciki, wanda ya ci irinsa da rani zai sha wuya da damina. Amma rubutun Turanci ya yi yawa, kuma minti goma ya yi yana kallo ba abin da ya motsa da sauri. Ya ce wannan na dattawa ne, yaro mai zafin jini barci zai yi.

Da aka sa na uku, ƙarar inji ta cika shagon. Titi na tahowa a guje, motoci na goga juna a kwana. Sautin da ke hana Saleh sukuni ke nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da sandarsa ya ce shi za a naɗe masa.

Dzarma ya rage murya ya ce in don a riƙe yaro a gida ne, kowanne cikin biyun farko ya fi. Titunan da ke cikin wannan ba su da yawa, mai hannu zai cinye su cikin mako. Kuma shi ne kaɗai ake yi mutum biyu, wato gasa, gasa kuwa tana jawo taro.

Sai Saleh ya ba shi labarin abin da ya gani a rugarsu. In maraƙi ya mutu, uwar takan riƙe nono. Sai a feɗe shi, a cusa ciyawa a fatar, a barbaɗa mata kanwa, a tsayar a gaban saniyar. Tana lasa ana tatsa, har ƙwarya ta cika.

"Ba a ba ta fatar akuya," in ji Saleh. "Abin da ranta ke so ake ba ta, amma marar rai."

"Alhaji, ɗan naka saniya ne?"

"Da saniya ne ai da na huta. Naɗe mini."

Kwana shida na farko Saleh ya ga kamar ya yi dabara. Gana ba ya fita sai masallaci. Kaltumi ta yi ƙorafin ƙara, mijin ya ce ta bar shi, gara ƙarar da ke cikin ɗaki. Ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari.

A rana ta bakwai abokai suka soma zuwa, kuma ba wasu ba ne illa samarin filin nan. Babbansu Ajimi, wanda ke da wata tsohuwar fijo, kowa ya san a wasan mota ba a kai shi. Amma a gaban talabijin Gana ya riga shi sanin kowace kwana. Ya cinye shi sau tara a jere, sauran suna dariya suna cewa a kawo wa Ajimi jaki ya gwada. Saleh yana alwalar la'asar a bakin taga lokacin da dariyar ta tsaya.

"Wannan tuƙin 'yan ɗaki ne," in ji Ajimi. "Ka faɗa rami ka tashi ba ƙwarzane. Ranar Asabar akwai fili. Ko Baba ya ɗaure ka a turke?"

Saleh ya tsaya da buta a hannu yana jiran ya ji ɗansa ya ce ya yi alkawari. Ba abin da ya ji sai ƙarar na'urar.

Washegari ya koma wurin Dzarma ya karɓo kaset ɗin taswira. Gana ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya sa, ya duba kaɗan, ya ajiye. Da uban ya tuna masa alkawari, ya ce yana sane.

Ranar Asabar aka ɗaura aure da ƙarfe goma a cikin garin Yerwa. Saleh ya sa Gana kusa da shi a kan tabarma, gwiwa na taɓa gwiwa. Da aka shafa fatiha jama'a suka taso gaisawa, wannan ya riƙe hannunsa, wancan ya ja shi gefe. Ko da ya waiwaya, ba Gana, ba takalmansa.

Ya tari ɗan acaɓa ya ce a kai shi fili. Tun daga nesa ya ga taron ya yi da'ira, rana ta take, ana ta tafi. Ajimi ya gama nasa zagayen ya fito, yana tsaye yana shan ruwa. Fijon tana can ƙarshen fili ta juyo, kuma hular da ke bayan sitiyari Saleh ne ya saya wa Gana ita da sallah.

Bai yi shawara da kowa ba. Tun yana ɗan shekara goma, in bijimi ya ɓalle, abin da aka koya masa shi ne ya sha gabansa, ya tsaya cak, ya ɗaga sanda, dabba ba ta bi ta kan mutumin da bai motsa ba. Ya ratsa taron ya shiga tsakiyar fili, babbar rigarsa ta biki tana jan ƙasa. Ya tsaya, ya ɗaga sandar sama.

Motar ta taho har ya ga fuskar ɗansa. Sai ta kauce hagu da ƙarfi, tayar gaba ta nutse cikin rairayi, ta wuntsila sau biyu, ta tsaya a jikin bishiyar darbejiya ƙafafunta a sama. Ko iskarta ba ta kayar da Saleh ba.

Gana bai kai asibiti ba. Aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar, mutanen da suka zo ɗaurin aure su ne suka yi masa salla da kayan bikinsu. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, ba wanda ya ambaci abin da kowa ya gani.

Da Saleh ya shiga cikin gida, ya tarar da Kaltumi zaune a ƙofar ɗakinta, mata sun ja baya sun ba su wuri. Ba ta kuka. Ta ce an faɗa mata ya je filin. Ya ce ya je.

"Ya gan ka?"

"Ya gan ni."

"Shi ya sa ya juya?"

Saleh ya jingina da bango.

"Shi ya sa," ya ce.